Baffa Iliyasu, Manomin Rani da Ya Koma Noman Tukunya

Ranar Talata da hantsi ina ofis a Kano, ina gyaran wani rahoto, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanina Nura ne daga gida. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Baffa ya cika." Na ce na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na rufe aikin da nake yi na kama hanyar Kura. Kakar tumatir ce, motoci ɗauke da kwanduna suna ta wucewa sun nufi birni. Na isa ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Kura da Bunkure, ana daidaita sahu za a yi masa salla.

Baffa Iliyasu ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni makaranta, kuma bai taɓa bambanta mu da 'ya'yan cikinsa ba. Yawancin waɗanda suka zo ta'aziyya a matsayin manomin rani suka tuna da shi, kuma gaskiya suka faɗa. Sun ce ba ya sa ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando ya rufe da mai kyau. Sun ce idan rigima ta tashi kan wanda zai fara jan ruwa daga kanal, wato babbar magudanar ban-ruwa, shi yakan ce a bar shi a ƙarshe. Wani dattijo ya tuna cewa Baffa ba ya iya wuce kunyar da ruwa ke zurara daga gare ta, ko ba gonarsa ba ce, sai ya tsaya ya ɗebi laka ya toshe. Duk na shaida waɗannan. Amma abin da nake so in rubuta shi ne shekarunsa na ƙarshe, waɗanda ya yi su a tsakar gida, inda mutanen waje kaɗan ne suka gani.

Hawan jini ne ya kayar da shi wata rana a gona, ya taɓa masa hannun hagu da ƙafa. Ya tashi, amma likita ya ce tsayuwa cikin rana ta ƙare, gishiri da dunƙule kuma a rage su sosai. Su Nura suka karɓi gonakin. Matarsa, Inna Asabe, ta bi umarnin likita ba sassauci. Baffa kuwa sai ya fara barin abinci. Ya kan yi loma biyu ya ture kwano, ya ce miyar kamar ruwan wanke tukunya. Ba ya faɗa da kowa, ba ya ƙorafi mai tsawo. Yana dai zaune a zaure, ya juya wa hanya baya, yana ta ramewa har rigunansa suka yi masa yawa. Mu a gida mun daina jin tsoron ciwon kamar yadda muke jin tsoron kwanon da ke dawowa a cike. Inna ta taɓa ce mini a waya, "Magani yana sha, amma a kan me maganin zai zauna?"

Abin ya sauya ne ta hanyar da ba wanda ya shirya. Wata maƙwabciya ta aiko da farfesun kifi, ta ce ta san dokar likita, ba ta sa gishiri sosai ba. Baffa ya ɗanɗana, ya ci gaba da ci, har ya shanye romon. Ya tambayi Inna wane ganye ne a ciki. Ta ce ɗoɗɗoya ce. Ya ce me ya hana ta sa masa kullum. Ta ce sai ranar kasuwar Bunkure ake samu, kuma kafin kasuwa ta zagayo ta yi yaushi, ƙamshin ya tafi. Sai ya ce, "Ni da na cika motoci da tumatir, ganyen miya ne zai gagare ni?"

Washegari ya sa aka share masa gefen katanga ta gabas. Inna ta fito masa da tsofaffin tukwane da wata randa da ta daina riƙe ruwa. Ni kuma na kawo masa rassan na'a-na'a daga wajen wani mai shayi a birni, maƙwabciyar nan ta ba shi irin ɗoɗɗoya. Na zo ƙarshen mako na tarar da shi zaune a kan turmi, da siminti kwaɓaɓɓe a cikin kwano, yana bin tsagar kowace tukunya yana liƙewa da hannunsa na dama. Ya yi aikin da kyau, kamar yadda yake yin komai. Ko ɗigo ba ya fita. Ni ban ga laifi a ciki ba, na ma taya shi riƙe randar. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana toshe inda ruwa ke gudu ba zai ga tsaga ya ƙyale ta ba.

Ban-ruwan ma irin na gona ya yi. Yakan cika tukunya har baki, ruwa ya kwanta a kan ƙasa kamar a fangalin shinkafa, sannan hankalinsa ya kwanta. Taubashinsa Malam Ɗanjuma, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ya shigo ya duba, ya ce, "Iliya, kifi za ka zuba a ciki ne? In ka fara kamawa a tuna da ni."

Baffa ya ce, "Kai da albasarka ta ruɓe bara za ka koya mini ban-ruwa?"

"Tawa a gona ta ruɓe, kamar ta maza. Taka a tukunyar mata za ta ruɓe."

Bakin Malam Ɗanjuma ya kama. Na'a-na'a ta ɗan jure, domin tana son laima, amma ɗoɗɗoya ta yi rawaya, ta sunkuyar da kai. Baffa ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Da ta ƙara lalacewa ya ce a kawo masa takin zamani. Inna ta gaya mini cewa a kwanakin nan ya sake komawa zaure, kwano kuma ya sake dawowa a cike. Ta ji tsoro ƙwarai, domin ta san idan wannan ma ya ƙi, ba wani abin da za a kawo masa ya yarda ya gwada.

Shi da kansa ya gano. Wata safiya ya tuge tushe ɗaya, ya ga saiwar ta yi baƙi ta saɓule, ya kai hanci ya ji warin laka. Ya san warin nan, na gonar da ruwa ya kwana a cikinta ne. Ya kira Inna ya nuna mata. Ta ce, "Malam, ai da gangan na zaɓo maka masu tsaga. A gidanmu haka tsohuwarmu take shuka nata, don ruwa ya samu hanyar fita."

Ya ce, "Kina kallo ina liƙewa, ba ki ce komai ba?"

Ta ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan ka taɓa tambayata yadda ake shuka?"

Inna ta ce sai ya yi dariya, irin wadda ba ta ji ba tun kafin ya kwanta. Ya ce, "To yau na tambaya. Ɗauko ƙusa, ki riƙe mini tukunyar." Ita ta riƙe, shi yana bugawa a hankali, suka huda gindin kowace tukunya. Biyu sun fashe. Suka zubar da tsohuwar ƙasar, suka haɗa sabuwa da yashi da tsohon takin awaki wanda ya riga ya huce, suka sake shuka. Tun daga ranar, idan an yi maganar tukwanen sai ya ce, "Ni a nan ɗan aji ɗaya ne. Malamar tana ɗaki." Ya faɗi haka a gaban baƙi maza, bai ji nauyi ba. A ganina wannan yana cikin manyan halayensa: yana da shekaru fiye da saba'in, ana zuwa daga wasu ƙauyuka neman shawararsa kan noma, amma ya yarda ya zama sabon shiga a cikin gidansa.

Akwai sauran darasi guda. Da ɗoɗɗoyar ta kama, ta yi kore, sai ya hana kowa taɓa ta. Jira yake ta isa girbi, a cire gaba ɗaya, kamar yadda ya saba. Inna ta ce a riƙa tsinkar kan, ya ce ba a cin amfanin gona tun yana yaro. Ana haka akuyar gidan ta tsinke igiya ta cinye kan ɗoɗɗoyar tukunya ɗaya. Ya yi fushi, har ya ce a kai ta kasuwa. Bayan ɗan lokaci sai ga wadda akuya ta ci ta yi rassa ta cika tukunya, waɗanda ya tsare kuwa sun yi tsawo sun fitar da fure, ganyensu ya ƙanƙance. Ya kira Malam Ɗanjuma ya nuna masa. Malam Ɗanjuma ya ce, "Da matarka ce malamarka, yanzu kuma akuya. Saura kaji." Baffa ya ce, "Ko su in sun san abin da ban sani ba, su zo." Akuyar dai ba a sayar da ita ba, an canza mata igiya ne, tukwanen kuma aka ɗora su kan bulo.

Daga nan gefen katangar ya cika a hankali. Ya ƙara lansir, da albasa don lawashinta, da tafarnuwa a cikin buhu. Bai taɓa barin a kawo maganin feshi kusa da su ba, shi da ya yi shekaru yana feshi a gona. Yakan ce, "Abin da zan tsinka in sa a baki da safe ba zan fesa masa magani da yamma ba." Idan ƙwari suka zo, da hannu yake cire su, ko ya barbaɗa toka. Bayan sallar asuba yakan fito da buta, ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, ya tsinko abin da za a sa a miyar ranar ya kai wa Inna. Ita kuma ta koyi haɗa miya da ganye da tafarnuwa da daddawa kaɗan, yadda ba a jin rashin gishirin. Ya koma cin abinci. Ba na cewa ganye ne ya warkar da shi, domin bai warke ba, kuma maganin asibiti bai taɓa dainawa ba. Abin da na gani da idona shi ne mutum ya samu dalilin tashi da safe, kuma ya koma cinye abin da aka zuba masa.

Ni ma daga wurinsa na fara. Ya ba ni rassa a cikin jiƙaƙƙen tsumma na kai gidana a Kumbotso, inda ba ni da fili sai ɗan wuri bayan kicin. Ya ce kada in tara tukwane, in fara da abin da na san za mu ci. Ya ce in nemi inda ranar safe ke samu, ta la'asar kuma ba ta dukansa. Da na tambaye shi sau nawa zan ba da ruwa, sai ya ce, "Kada ka tambaye ni, kada ka tambayi idonka. Sa yatsa a ƙasar. In da sanyi, ka bar ta." Duk lokacin da na kira shi, kafin ya tambayi yara sai ya tambayi na'a-na'a. Ya taɓa ce mini, "Gona takan yi maka haƙuri kwana da kwanaki. Wannan kuwa kullum take son ganinka. Shi ya sa ta dace da tsoho."

Zuwana na ƙarshe, na same shi da Malam Ɗanjuma a inuwar katanga suna shan shayi da na'a-na'a, suna gardama kan wanda ya fi tsufa. Da aka kawo tuwo ya cinye nasa, ya miƙa wa Inna kwanon ya ce ko da saura. Jikinsa ya yi rauni, numfashinsa ya yi gajere, amma fuskarsa a sake take. Inna ta ce ranar da zai rasu ya yi sallar asuba a zaune, ya karya kumallo, ya ce zai ɗan kishingiɗa kafin rana ta ɗaga. Da ta leƙa ta ji yana salati a hankali, ta kira Nura. Ba a daɗe ba ya cika, ba tare da wahala ba.

Da muka dawo daga maƙabarta Malam Ɗanjuma ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Ni na ɗauka tun shekarar da ya faɗi za mu binne shi. Allah Ya ƙara masa kwana, kuma bai yi su a kwance ba." Wannan shi ne abin da muke gode wa Allah a kai, ko a cikin wannan rashi.

Ya Allah, ga bawanKa Iliyasu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka karɓi kyawawan ayyukansa, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi. Ka saka masa da alheri kan marayun da ya riƙe, ina ɗaya daga cikinsu. Ka ba Inna Asabe haƙuri da lafiya a cikin takabarta da bayanta, Ka ɗebe mata kewar abokin zamanta. Ka haɗa kan Nura da 'yan uwansa, Ka sa albarka a abin da ya bari a hannunsu. Ka ba Malam Ɗanjuma juriyar rashin abokin wasansa. Mu kuma da muka saura, idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.