Aksil ɗin Motar Baba a Ƙarƙashin Amalanke

Jiya da hantsi, a wani ƙauye bayan Shira, na durƙusa ina leƙen ƙarƙashin amalanken shanu.

Shekara biyu ke nan ina ƙoƙarin tayar da tsohuwar a-kori-kurar marigayi mahaifina a gidanmu na Azare. Abin da ya rage shi ne aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, wanda babban yayana ya ce ɓarayi sun kwance. Irinsa ya ƙare a kasuwa. Malam Sale makanike, wanda ya saba gyara wa Baba motar, ya ce mu bi ƙauyuka, domin da aksil ɗin matattun motoci ake haɗa amalanke.

Mun duba uku, bai gamsu ba. A na huɗu ya kankare laka, ya nuna mini wata tsohuwar walda.

"Wannan waldar hannuna ce," in ji shi. "Na motarku ne."

Na tambayi dattijon mai amalanken inda ya samo shi.

"A Azare, gidan wani Alhaji, Allah ya jiƙansa. Babban ɗansa ne ya sayar mini ta ƙofar baya, ana zaman makoki. Har kama mini ya yi muka ɗora." Sai ya dube ni. "Malam, in ka ɗauke, da me zan kwaso gerona?"

Na bar masa. Muka koma muka ɗauki na biyun da muka duba, duk da ya ɗan lanƙwashe.

Da yamma Yaya ya tambaye ni ko an dace. Na ce an dace.

Har yanzu ban tantance ba, shirun nan da na yi wa Yaya haƙuri ne ko tsoro. Waɗanda suka girme ni su faɗa mini.