Kwamfutar da Obdulia ta fara yankawa a kwali

Da sunan Ubangiji mai ba kowa sana'arsa, ga labarin Obdulia Barragán, telar nan ta bayan cocinmu a Fresno, can ƙasar Amurka.

Ita ce 'yar farin Don Cástulo da Doña Herlinda. Tana da shekara shida suka taho da ita daga Michoacán ta ƙasar Meziko. Iyayen suka shiga aikin gonar inabi, ita kuma aka bar mata renon ƙaninta Efraín. Ta yi makaranta kam, amma hankalinta duk yana kan keken ɗinkin uwarta. Tana 'yar sha biyu ta sauke labulen falo ta yanka, ta ɗinka wa kanta siket. Ta sha faɗa ranar. Amma da uwar ta juya siket ɗin ta duba cikinsa, sai ta ga abin mamaki. Yarinyar ta bar rarar yadi yatsa biyu a kowane gefe, ba wanda ya koya mata.

"Wannan fa na mene ne?" in ji uwar.

"Ai zan ƙara girma, Mama."

To haka take har yau, tana da shekara arba'in da huɗu. Duk yarinyar da za a yi wa bikin cika shekara sha biyar a unguwarmu, rigar Obdulia take sawa. Kuma ba a taɓa jin rigarta ta ɓarke a wurin rawa ba, don ba ta yanka ba rara.

Hoto kuwa daga baya ya shigo mata. Da waya ta fara, tana ɗaukar yaran cikin rigunansu don ta nuna wa masu zuwa. Sai iyaye suka fara cewa ta ɗaukar musu bikin gaba ɗaya. Ta sayi kyamara. Ta koyi yanka fim da haɗa shi, ta ce ai duk ɗinki ne, allura ce kawai babu. Tsohuwar laftof take aiki da ita, wadda in ta yi zafi sai ta ɗora ta kan ledar masara mai ƙanƙara daga firij.

Ana nan sai bikin cikar auren iyayenta shekara hamsin ya matso, saura mako uku. Don Cástulo idonsa ya yi rauni ƙwarai, likita ya ce raguwa zai yi ta yi. Abu ƙarami ya daina gani, sai babba mai haske. Akwai wani tsohon kaset da aka ɗauka a zuwansu gida na ƙarshe, mahaifiyarsa tana rawa a tsakar gida, wata shida kafin Allah Ya karɓe ta. An juye kaset ɗin, amma hoton duhu ne, yana ta rawa. Ko mai lafiyar ido da kyar yake gane fuska.

Wata Lahadi bayan an taso coci, tsohon ya ce, "Lula, da zan ga fuskar uwata sau ɗaya tun idon nan bai rufe ba." Lula suke kiranta a gida.

Ta ce, "Za ka gan ta, Baba. Ranar bikinku, a bangon zauren coci, ƙatuwa."

Ta yi alkawari kafin ta tambayi laftof. Akwai manhajar da ke wanke tsohon hoto ya fito fes, amma duk sanda ta sa ta, laftof sai ta yi huci kamar akuya ta mutu. Leda uku ta narkar, ba ta samu ko minti ɗaya ba.

Sai ta kira Efraín. Shi ma'aikacin sito ne, ga shi da 'ya'ya biyu, amma har yanzu bai bar wasan kwamfuta ba.

"Yaya, ai tuntuni nake gaya miki ki jefar da wannan kaskon suya," in ji shi. "Ta tebur za mu haɗa miki, ɗaya bayan ɗaya, kowane sashe ki zaɓa da kanki. Ni ma sabuwa zan haɗa. Mu sayi iri ɗaya kawai."

Ya nuna mata a waya. Wani ɗan farin akwati ne mai ƙofar gilashi, fankoki a ciki suna walƙiya ja da shuɗi.

"Wannan kwamfuta ce ko motar sayar da askirim?"

"Ke ba ki san kyau ba."

"Ni ban san kyau ba? Wa ya ɗinka rigar auren matarka, mai kunnen jemage?"

Ranar Litinin suka tafi shagon kayan kwamfuta. Mai kula da su wani dogon mutum ne baƙar fata, sunansa Darnell. Efraín ya miƙa masa jerin da ya rubuto. Darnell bai duba ba tukuna, ya juyo wajen Obdulia.

"Ranki ya daɗe, me za ki yi da ita?"

Nan ya shiga ranta, don ita ma ba ta taɓa yanka yadi ba ta tambayi inda za a sa rigar ba. Ta gaya masa komai, har da idon tsoho.

Ya ɗauko wani abu kamar ɗan biskit a leda, ya ce wannan ce ƙwaƙwalwar. Wadda Efraín ya zaɓa gudu gare ta, ta wasa ce. Mai aikin fim kuwa tana son mai hannuwa da yawa, kowane hannu na riƙe da nasa aikin.

"Wato tela ɗaya mai sauri, ko teloli goma sha biyu a shago ɗaya," in ji ta. "Ba ni sha biyun."

Ya nuna mata wasu 'yan sanduna biyu, ram sunansu. A kansu kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin.

"Teburin yanka ke nan. Ninka min shi. Na sha wahalar ƙaramin tebur, yadi na zuba ƙasa."

"Fitilun fa?" in ji Efraín.

"Cire. In ina son fitila na kunna kyandir."

Suka zaɓi babban allon da ake dasa komai a kansa, Darnell ya duba ya tabbatar bakin ƙwaƙwalwar ya dace da gurbinsa. Suka zaɓi ma'ajiya biyu, ɗaya ta aikin yau, ɗaya ta ajiyar bukukuwan mutane. Saura katin hoto, wanda shi ne zai wanke fuskar tsohuwar. Ƙato ne, fanka uku gare shi, kuma babu shi a shagon. Shi da akwatin sai an yi oda, kwana goma.

Obdulia ta lissafa da yatsu. In sun iso bayan kwana goma, tana da kwana takwas na aiki. In kuwa wani abu bai dace ba aka mayar, biki ya wuce.

"Zai shiga farin akwatin nan?"

Darnell ya duba takarda. "Zai shiga. Tsawon katin milimita ɗari uku da talatin, akwatin ɗari uku da talatin da biyar. Faɗi ma haka, da ɗan saura."

"Kin ji ko? Takarda ta ce zai shiga," in ji Efraín.

"Takarda ba ta taɓa zama cikin riga ba. Rubuta min awon kowane abu, tsawo da faɗi da kauri. Gobe na dawo."

"Yaya, kina ɓata kwana guda fa!"

"Kwanana ne."

Washegari da sassafe ta share teburin yanka. Ta juya tef ɗinta na awo ta bayansa, inda ƙananan lambobin suke, ta kwaso kwalayen da ake kawo mata yadi. Ta zana da alli, ta bi da almakashi. Ta yanka akwatin, ta yanka allon da ƙwaƙwalwar da ram, ta yanka katin har da kaurinsa, ta haɗa su da fil. Katin ya shiga, gaskiyar Darnell. Ta rufe ƙofar kwalin, ta rufu. Amma da ta zura yatsa tsakanin gefen katin da ƙofar, yatsa ɗaya ma da kyar. Ta tuna a hoton da aka nuna mata akwai wata igiyar wuta mai kauri da ake cusawa daidai wannan gefen.

Ta ɗora kwalin a kujerar mota, har da ɗaura masa bel, ta koma shago. Efraín ya same ta can a hutun rana.

Darnell na ganinta da kwali a rungume ya fashe da dariya. "Ranki ya daɗe, ai kin riga kin haɗa! Saura mu sa mata wuta."

"Dariya kyauta ce, ɗana. Kawo min igiyar nan mai kauri."

Ya kawo. Ta kafa kan igiyar a gefen katin kwali, ta ce ya rufe ƙofa. Ya tura, igiyar ta tokare. Ya lanƙwasa ta da ƙarfi, kwalin ya lotsa. Dariyar ta tsaya. Ya ce wannan igiyar ba a son a karya ta daf da kai, zafi take yi.

"Rigar da ta zauna cif a tsaye, yarinya na zama sai ta ɓarke," in ji Obdulia. "Ina akwatin da ya fi wannan faɗi da yatsa biyu?"

Wanda aka samu wani baƙin akwati ne, ba gilashi, ba ado, gabansa duk raga don iska.

"Wannan ai firij ne," in ji Efraín. "Ni dai farin nan zan saya. Igiya ce fa, a danna ta ta kwanta."

"Allah Ya ba da sa'a, ƙanina."

Darnell ya roƙi ta tsaya ya ɗauki hoton kwalin, wai zai nuna wa abokan aikinsa.

Kwana goma cif kaya suka iso. Obdulia ta shimfiɗa su a teburin yanka, kowanne kusa da ɗan'uwansa na kwali. Tana cikin haka sai ga Doña Herlinda ta shigo, carbi a wuya, da kwalbar ruwan albarka da ta karɓo wurin Fada, limamin cocinmu. Mu haka muke, sabuwar mota ko sabon gida ko keke, sai an yayyafa. Tsohuwa har ta tsoma yatsu.

"Mama! Kar ki yi! Ruwa kashe su yake!"

"Ruwan albarka ne zai kashe abu? Kin ji bakinki kuwa?"

"Mama, don Allah. Ko ɗigo ɗaya, Baba bai ga kakata ba."

Doña Herlinda ta tsaya da yatsu a jiƙe. Ita dai ba za a kunna abu a gidan 'yarta ba albarka ba. Ta dubi kayan, ta dubi kwalayen.

"Wannan ba shi ne wancan ba?"

"Awonsu ɗaya."

"To Ubangiji ai Ya san awo."

Ta kwashe kwalayen ta kai bakin ƙofa, ta bi su ɗaya ɗaya. Ta jiƙa ƙwaƙwalwar kwali, ta jiƙa ram na kwali, katin kuwa sau uku ta yi masa, don an ce shi ne mai babban aiki. Obdulia na dariya har da hawaye, tana amsa amin.

Da hannunta ta haɗa, tana bin wani bidiyo tana tsayar da shi. Hannun da ya saba ɗinka duwatsu a wuyan riga bai ji wuyar ƙananan kusoshi ba. Katin ya zauna, igiyar ta lanƙwasa a hankali kamar wuyan agwagwa, ƙofa ta rufu ba gardama. Ta danna maɓalli. Fankoki suka juya shiru, allo ya kawo haske. Ta sa kaset ɗin a manhajar ta tafi ɗora wake. Kafin wake ya nuna, minti goma na farko sun fito.

La'asar sai ga Efraín, ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya.

"Yaya, sannu da aiki."

"Yawwa. Ya motar askirim?"

"Tana aiki. Ƙofar ce dai... na jingine ta a bango tukuna."

"Iska za ta sha ke nan."

"Kina da sauran kwali?"

"Akwai, amma a jiƙe yake."

Ranar Asabar ɗin biki zauren coci ya cika. Mun yi tamale, wato alalar masara, tukunya shida, masu kiɗa sun zo da manyan hulunansu. Bayan Fada ya sa wa tsofaffin albarka, aka ja labule aka kunna majigi. Obdulia ta sa kujerar babanta a gaba, taku huɗu daga bango. Ta auna wannan ma tun ranar Alhamis.

Aka nuna hotunan aure, aka nuna gonar inabi, aka nuna jikoki. Sai ga tsakar gida a Michoacán, rana tar, ga wata 'yar tsohuwa da kitso biyu tana ɗaga bakin siket tana juyi. Ta juyo ta dubi mai ɗauka ta yi dariya. Fuskarta ta cika bangon, har gibin haƙorinta ana gani.

Don Cástulo ya miƙe tsaye. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Ga ta nan," ya ce. "Herlinda, ga Mama. Dubi 'yan kunnen da na saya mata."

Sai sharɓar hanci kake ji a zauren. Da wurin rawar ya wuce, tsoho ya juyo yana neman 'yarsa.

"Lula, mayar baya."

Ta mayar. Sau biyar ta mayar. A na shida masu kiɗa suka gane waƙar da tsohuwar ke takawa, suka ɗauka. Don Cástulo ya miƙa wa matarsa hannu, suka shiga rawa a gaban bangon, uwarsa na juyi a bayansu.