Kunnen Gwaggo

Da na haifi ɗiyata ta biyu a Yelwa, mata suka yi ta zuwa barka. Kowace ta karɓi jaririyar sai ta lanƙwasa kunnenta ta duba, wai launin kunne shi jiki ke bi daga baya. In suka ga duhu sai su ce, "Ayya, wannan ma za ta rine."

Babbar ɗiyata, mai shekara huɗu, baƙa kamar ni, tana zaune tana kallonsu.

Ranar suna ƙanwar mijina ta iso daga Warra da kwandon bandar kifi, fuska jawur, ta sha man bilicin. Ita ma ta duba kunnen ta taɓe baki. Tana sunkuyawa ta kwantar da jaririyar, babbar ɗiyar tawa ta haye bayanta, ta ɗage mayafi ta kama kunne. Baƙi ƙirin, mai bai kai can ba.

"Ayya, Gwaggo," ta ce cikin tausayi, "ke ma za ki rine."

Ɗaki ya kwashe da dariya, har uwar mijina ta ƙware da kunu. Ni na fi kowa, don na daɗe ina jiran mai faɗa mata.

Da aka watse ina ninke kayan barka, babbar ɗiyata ta zo ta jingina da ni, hannunta a kunne.

"Inna, da aka duba nawa, ke ma ayya kika ce?"

Na ce mata a'a. Ƙarya na yi.