Inna Triffie, Wadda Ta Ƙi Sa Hannu

Shekara talatin da huɗu, ƙarfe takwas na safe bai taɓa samun Tryphena Pardy, wadda muke kira Inna Triffie, a gida ba. Ko ƙanƙara ta toshe hanya, sai ka ga sawunta daga ƙofarta har ɗan ɗakin karatun garinmu, nan gaɓar tsibirin Newfoundland. Ta hura murhu, ta ɗora butar shayi, ta sauko da kwalayen takalman da take tara katunanta a ciki. Kowane kati kalma ɗaya ce ta Turancin bakinmu: wa ya faɗe ta, a bakin wa ya ji, daga ina ta taso. Kafin ruwa ya tafasa waya ta fara ƙara. Masunta sun yi gardama a shago kan sunan siririyar ƙanƙarar da ke kwana bisa ruwa, sai wani ya ce, "A kira Inna Triffie." In ta sani, ta faɗa. In ba ta sani ba, ta ce, "Ban sani ba, a ba ni mako biyu." Masu ilimin yau nawa ne bakinsu ke iya furta haka?

Da aka hana kamun kifi, gari ya soma zubewa. Samari suka tafi Alberta neman aiki, makaranta ta koma garin gaba. Ɗakin karatu kaɗai ya rage, shi ma aka ce in baƙi ba sa zuwa, ba mai ci gaba da riƙe shi.

Sai Garland Hiscock, shugaban kwamitin gari, ya zo da dabara. Akwai wata magana da duk tsibirin nan ake yi wa wanda ya dawo daga teku hannu rabbana, mun kuma taso muna jin kakan Garland ne ya fara yin ta a bakin ruwanmu. Za a kafa ƙaton allo a gefen titi a rubuta hakan, baƙi su tsaya, su ci kifi, su sayi safar saƙa. Abin da ya rage kawai Inna Triffie ta sa hannu cewa haka ne.

Wata bakwai tana aika wasiƙu. Ranar taro a zauren coci ta miƙe da takarda guda. Maganar tana cikin wasiƙar wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, shekara ɗari kafin a kafa gidan farko a garinmu.

Garland ya ce, "Haba Inna! Wa zai je Ingila ya tono? Baƙon da ya zo ɗaukar hoton tsuntsu?"

Ta ce, "Ni na tono, ina zaune a nan, da kan sarki."

"To kujerarki ce fa za ta tafi, ba tawa ba."

"Na sani, ɗana. Kakanka mutumin kirki ne, amma ko tabar da yake sha aro yake yi, balle magana."

Mutum uku suka yi dariya. Sauran muka ce taurin kai ne, ni ma na faɗa, da ƙarfi kuwa. Hunturu biyu ba wanda ya share mata ƙanƙarar ƙofa, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Duk da haka wayarta ba ta daina ƙara ba, ita kuma ba ta daina ɗauka ba, har ta masu zaginta.

Ranar Juma'ar nan za a rufe ɗakin karatun. Na je na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce, "Kullum nake yi, in na tuna yara ba inda za su zauna su yi karatu. Amma a kawo takardar gobe, ba zan sa ba."

Inna Triffie, ke ce mai magana ɗaya. Ke ce kika san abin da zai biyo baya, kika kuma san mu, amma ba ki sayar mana da ƙaryar da muka roƙa ba. Mun gode, mun kuma makara wajen faɗa.

Ku matasan da suka rage, duk inda aka miƙo muku alƙalami, ku karanta kafin ku sa hannu, ku kuma koyi cewa a'a ko da abincinku ne a kai. Mu tsofaffin da muka juya mata baya, nasiha ba tamu ba ce yanzu. Juma'a da safe kowa ya zo ya tsaya a ƙofar nan, ya cire hula, ya dube ta cikin ido in zai iya.