Ranar da Aka Ɗauki Hoton Malam Idi

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta da ranar da aka kawo mai hoto sashenmu na walda ba.

Ku 'yan baya, in an ce filas, abin da ke zuwa muku shi ne a kira waya a katse. A zamaninmu, ma'aikatan roba na Sharada suna kiran ɓawon da ake yankewa a gefen bokiti filas. A wurin mai hoto, hasken kyamara ne. Mu kuwa masu walda, filas ciwo ne. Hasken walda ya shiga idonka, ka tashi aiki lafiya lau, kana isa gida ka ji kamar an watsa maka yashi a ido. Maganinmu madarar gwangwani, a ɗiga maka ka kwanta kana hawaye.

A farkon shekarun tamanin ina aiki a wani kamfanin gadaje da tankunan ƙarfe a Bompai. Manaja ne a sama, sai foman, sai mu. Mu ma kashi biyu ne: na dindindin masu takarda, da 'yan wucin gadi waɗanda ake ɗauka a bakin ƙofa. Malam Idi, mutumin Damagaram da ke zaune a Hotoro, ya girme mu duka, ya kuma riga mu shiga kamfanin, amma har lokacin ɗan wucin gadi ne. Ba shi da buri irin ya ga takardar nan a hannunsa.

Garkuwa, wato abin rufe fuska mai baƙin gilashi, ba ta ishe mu ba, waɗanda ke akwai ma gilashinsu ya tsage. Sai muka koyi dabara: ka saita ƙarfe, ka runtse ido, ka ɗana wuta, ka kau da kai. Tun muna yi don dole har abin ya zama alfahari. Wanda ya tsaya neman garkuwa don ɗan liƙi kaɗan, sai mu yi masa ca, mu ce sabon shiga ne. Malam Idi ya fi kowa iya wannan, idanunsa kuwa kullum jajur suke.

Wajen ƙarshen shekara aka ce za a buga kalandar kamfani. Da safiyar ranar da mai hoto zai zo sai ga sababbin garkuwoyi da safar hannu an fito da su daga sito, har da ƙamshin kwali. Ashe akwai su! Muka yi ta juya su a hannu kamar ba mu taɓa ganin irinsu ba.

Manaja ya zaɓi Malam Idi, ya ce fuskarsa da gemunsa za su yi kyau. Malam Idi ya ɗauki garkuwa zai fara, sai mai hoto ya ce ai in ya rufe fuska ba a san ko wane ne ba. Yana son a ga fuska, a ga tartsatsi, garkuwar kuma a riƙe ta a gefe don ita ma ta fito.

Fomanmu, Bulus, mutumin kudancin Kaduna, ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan wutar ba a kallonta da ido."

Manaja ya yi dariya ya ce, "Haba Bulus. Ba kullum nake ganin kuna yi haka ba?"

Ba ƙarya ya yi ba kuwa. Manaja ya juya wurin Malam Idi ya ce, "Malam, a taimaka. In an gama wannan za a duba maganar takardarku."

Malam Idi ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Ya ɗana wuta, ya runtse kamar yadda ya saba. Mai hoto ya ce, "A'a Baba, kun rufe ido. A buɗe, a dubi aikin." Ya sake. Aka ce tartsatsi bai tashi sosai ba. Ya sake. Aka ce ya ƙifta. Haka aka yi ta yi, hawaye na gangaro masa, ana ba shi tsumma yana sharewa, har mai hoto ya ce ya samu. Kafin azahar an tattara garkuwoyin an mayar sito.

Washegari Malam Idi bai zo aiki ba. Da la'asar na same shi a zaure da jiƙaƙƙen ƙyalle a fuska. Na ce masa filas ne, zai wuce, mun saba. Zafin ya wuce kuwa, amma ya bar masa wani duhu a tsakiyar gani. Ya ce mini, "Sale, ina ganin kafaɗunka, amma ba na ganin fuskarka."

Da ya dawo aiki, hannunsa na nan yadda yake, sai dai ba ya ganin layin da zai bi. Aka ba shi maganin ɗigawa a ɗakin magani na kamfani. Ɗan wucin gadi ba a korarsa, don ba a ɗauke shi da takarda ba balle a sallame shi. Mai gadi kawai aka gaya wa kada ya bar shi ya shigo. Bulus ya je ofis ya yi magana, aka ce ai an san masu walda da ganganci.

Kalanda ta fito. Ga Malam Idi tsakiyar tartsatsi, sabuwar garkuwa a hannu, a ƙasa an rubuta cewa lafiyar ma'aikaci ita ce gaba da komai. Ni da Bulus muka kai masa guda. Ya riƙe ta, ya karkatar da kai yana leƙenta ta gefen ido.

"Sale, na fito da kyau?"

Na ce, "Kun fito, Malam."

"Idona a buɗe yake?"

"A buɗe."

Ya ce, "To, madalla. Kada su ce na ɓata musu hoto."

Har yau in na tuna wannan maganar sai zuciyata ta yi ɗaci. Abin da na koya shi ne, jarumtar da muka ƙirƙira don mu rufe rashin kayan aiki, ita aka ɗauka aka cuce mu da ita. Shi ya sa da na zama foman, duk wanda na kama yana walda ba garkuwa sai na kashe masa inji, komai ƙwarewarsa. Kuna cewa na cika faɗa. To, ni na ga mutumin da ya koma Damagaram da kalanda a jaka, bai taɓa ganin hoton da ke cikinta ba.