Yadda Zauren Baba Ya Yi Ƙiba

Innarmu ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba. Shi ne ɗan fari, ita kuwa tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In yana zaune a gabanta tana son buta, ni za ta duba ta ce, "Hwaɗa ma wancan shi miƙo buta." Sai in juya in ce, "Yaya, wai ka miƙo buta." Ya miƙo mini, in miƙa mata. Da wannan aiki na tashi. Na yi aure, na fara koyarwa a firamare, amma ban sauka daga muƙamin ba, domin katanga ɗaya ce tsakanin gidan mijina da namu a Sabon Birni.

Shekarar da aka ba Yaya daraktan ayyuka a ƙaramar hukuma, filaye da gidaje da rumfunan kasuwa da magudanan ruwa duk suka dawo ƙarƙashinsa. Mata suka yi ta zuwa yi wa Inna murna. Ita kuwa sai ta ɗaure fuska ta ce, "Wa? To, haka ni ma nij jiya ana hwaɗi." Amma a makon nan ta aike ni na sayo sababbin tabarmi. Wannan tana son fili, waccan tana son a ɗauki ɗanta aiki, wata daga Kurawa ta zo neman rumfa kusa da masu goro. Kowa Inna ta ce mata, "Za ni sa a hwaɗa mai." Ni ce "a" ɗin, kuma na faɗa har na gaji.

Babban aikin da Yaya ya sa a gaba shi ne hanyar da ta taso daga kasuwa zuwa tasha, wadda ta bi ta ƙofar gidanmu. Hanya ce matsattsiya. Ranar kasuwa in motar kaya mai zuwa Nijar ta gamu da amalanken shanu, sai dai kowa ya kashe inji ko ya kwance shanunsa, a zauna a yi gaisuwa. Da damina kuwa ruwa yakan kwanta, mota ta kafe, albasa ta ruɓe a kanta, mu kwana muna shaƙa. Aka ce za a faɗaɗa ta, a yi mata magudana hagu da dama, a jera shaguna a bakin tasha. Kowa ya yi murna, har ranar da ma'aikata suka fito da igiyar awo da gwangwanin jan fenti.

Zauren gidanmu ya fi na kowa shiga hanya. Baba, Allah ya jiƙansa, fatauci yake yi tsakanin nan da Nijar, kuma mutum ne mai son ganin wa ya wuce, me ya ɗauko. Da ya tashi gini sai ya turo zauren gaba don kada kwanar ta kare masa kallo. A ciki baƙinsa suke kwana da buhunan kanwa da dabino. Bayan rasuwarsa Inna ta bar buzunsa rataye a inda ya saba rataye shi, kullum sai ta sa an share wurin.

Mai fentin da ya iso bangonmu, ya tuna gidan ubangidansa ne, sai ya sassauta. A gidajen mutane yana zabga alamar rushewa kamar tsawon mutum, amma a namu sai ya ɗiga wata 'yar ƙarama, tafin hannu zai rufe ta. Maƙwabta suka taru suna aunawa da ido. Labari ya kai ofis, Yaya ya sa aka dawo aka yi ta daidai da ta kowa.

Inna ta fito da lulluɓinta ta duba. Ta koma ciki. Da hantsi sai ga magina biyu suna kwaɓa ƙasa a ƙofar gida. Na tambaye ta, ta ce, "Damana na tahe. Laihi na in yi ma bangona yaɓe?" Kafin azahar jan fenti ya shige ƙarƙashin sabon yaɓe, bango ya fito sumul.

Ma'aikata suka dawo suka sake shafawa. Inna ta sake kiran magina. Suka sake, ta sake. Maƙwabta da suka ga abin yana tafiya, kowa ya tuna cewa bangonsa ma yana bukatar gyara. Magina suka yi tsada a garin, har daga Kamarawa aka riƙa ɗauko su. Ban taɓa ganin layinmu ya yi kyau irin na wannan bazarar ba. Wani babba da ya zo daga Sakkwato duba aiki ya tsaya ya yaba wa Yaya a kan yadda ya wayar da kan jama'a wajen gyaran muhalli. Yaya ya yi godiya. Zauren Baba kuwa kullum ƙara ƙiba yake yi, yana ƙara cin hanyar da ake son faɗaɗawa.

Mai unguwa ya faɗa wa Yaya matsayin mutane a fili. "Darakta, mu ba mu ja da hukuma. Ran da zauren mahaihinka yaf faɗi, namu na biye. In nashi na tsaye, namu na tsaye." Katafilar ɗan kwangila ta yi ta zama a tasha har awaki suka saba da inuwarta, wani mai shayi ya kafa teburinsa a gindinta. Sai aka aiko wa Yaya cewa in ruwa ya sauka ba a fara ba, za a ɗauke aikin a kai garin Isa, kujerarsa kuma a ba wanda zai iya. Mutanenmu za su iya haƙura da rashin hanya, amma a ce mutanen Isa ne ke hawanta, wannan ya yi musu nauyi. Duk da haka ba wanda ya taɓa bangonsa.

Kowace Juma'a Yaya yakan zo cin tuwo bayan masallaci. Nan ake zaman sulhu, ni a tsakiya, su biyu kowa yana kallon wani gefe.

"Hwaɗa ma wancan," in ji Inna, "zauren ga ubanai yag gina shi da guminai. Cikinai anka raɗa ma wancan ɗin suna. Gabanai anka yi ma mai shi salla."

"Yaya, wai..."

"Na jiya. Ki ce ma Inna ba ni nij ja layin ba, awo na."

"Inna, wai awo ne."

"Awon ba ya da uwa?"

Wannan ban isar ba, na ce masa wai ya ƙara miya. Da yawa daga cikin zaman lafiyar gidanmu a bakina aka ƙera shi, kuma ban yi nadama ba.

Wani injiniya ya kawo shawara a ɗan lanƙwasa hanyar ta kauce wa zauren. In an yi haka, ɗakin wata tsohuwa mai ƙosai da ke tsallake da mu zai tafi gaba ɗaya. Yaya ya ƙi. Ya ce da ni, "In nik kauce ma gidanmu nic ci nata, da wane ido za ni dubi mutane?" Ya rame a watan nan har hularsa tana yi masa yawa. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji haushinsa, don ni ma a zauren nan na koyi tafiya.

Da hadari ya fara haɗuwa da yamma, sai ya yanke. Ya sa aka sanar cewa ranar Asabar katafila za ta fara aiki, daga gidan mahaifinsa za ta fara, kuma shi da kansa zai tsaya. Gari ya ɗauka. Waɗanda jiya suke cewa yana kare gidansu, yau suka koma cewa boko ya cinye masa zuciya. A wani gidan suna da muka je da Inna, wata mata da ba ta lura da shigowarmu ba tana cewa, "Ɗan da zai tura katahila bisa zauren ubanai, wanga ina shi ina albarka?" Aka zungure ta, ta waiwayo, ta shiga gyaran ɗankwali. Inna ta gaisa da kowa, ta ba da abin barka, muka fito. Muka kamo hanyar gida. A ƙofa ta tsaya ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ce in aika Kurawa a kira mata Baffa, ƙanen Baba.

Ranar Asabar ina dama koko na ji dukan gini. Na fito da ludayi a hannu. Baffa yana kan rufi yana zare azara yana miƙo wa mutane a ƙasa. Maginan nan da suka ci kuɗin yaɓe, su ne riƙe da diga. An ce Inna ce ta fara sara da gatarinta na faskare, sannan ta matsa ta ba su wuri. Bangon ya yi kaurin da maginan suka yi ta tsine wa aikin hannunsu. In suka ɓamɓare yaɓe sai jan fenti ya bayyana, su ƙara ɓamɓarewa wani jan ya sake fitowa, kamar ana ɓare albasa. Mutane suka cika hanya, wasu na dariya, wasu sun rufe baki.

Can sai ga katafila tana tafe tana rugugi, Yaya yana gabanta a ƙasa, fuskarsa kamar wanda ya kwana da zazzaɓi. Ya iso ya tarar rabin zaure a ƙasa, azara a jere, ƙofa a jingine. Direban ya kashe inji.

Inna ta gyara lulluɓi ta fuskanci jama'a. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a waje ba sai ranar. "Ku shaida, zauren mijina na, ni nir rushe abina. Ba ɗan kowa yat taɓa shi ba. Wadda ad da magana ta zo ta yi da ni." Ta dubi mai unguwa ta ce, "Kun ce kuna biye. Ga diga nan in sun ƙare." Mai unguwa ya sosa ƙeya ya ce ai dama shi jiya ya fara kwashe kaya.

Ta shiga ta gefen da bai faɗi ba, ta fito da buzun Baba a naɗe. Na matso kusa da ita, na aje ludayi, don na san yanzu za a ce in faɗa wa wancan. Sai ta wuce ni. Ta tsaya a gaban Yaya, ta ɗaga kai ta dube shi.

"Amshi," ta ce. "Ka rame. In ka ƙare aikinka ka shigo ka ci abinci."

Yaya, mutum mai furfura a gemu, mai ma'aikata a bayansa, ya juyo yana kallona, yana jiran in isar masa. Na girgiza kai. Na ce, "Yaya, da kai take."

Ya durƙusa a cikin ƙasar zauren ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe bai tashi ba, direban katafila kuma bai yi masa hon ba.