Jangadar da Na Zaɓa da Idona

Ko da tsufa zai sa in manta sunan ƙauyen da aka haife ni, ba zan manta jirgin kamun kifin da na zaɓa a bakin tekun Bahiya, ƙasar da aka kawo mu bauta, ba, da abin da ya jawo. Gemuna ya yi fari fat, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

A lokacin ban daɗe da samun takardar 'yanci ba. Na fi shekara ashirin ina ɗaukar Turawa a kujera, ina hawa da su tudun Ladeira da Praça, har gwiwoyina suka soma gazawa. Abokin ɗaukata Bakano ne, shi a gaba ni a baya. Jirgi ɗaya ya kawo mu ƙasar nan, kuma ya girme ni, saboda haka Yaya nake kiransa. Ya riga ni 'yantuwa, ya auri wata mai tuyar ƙosai, suna da 'ya mace ɗaya.

Ni kuwa ɗan Kabi ne, gidan masunta. Kafin a kama ni, a kan gora nake kwanciya in bi gulbi ina jefa homa. Wannan ya sa nake ganin babu wanda zai koya mini ruwa. Na ce wa Yaya mu bar kujera mu koma kamun kifi.

Ya ce, “Ƙanena, ni fa ko rafi ban iya tsallakewa ba.”

Na ce, “Kai dai ka riƙe igiya, Yaya. Sauran ka bar mini.”

Wata ranar Asabar da hantsi muka gangara bakin ruwan da ake kira Água de Meninos. A can ake sayar da jangada, wato gungume biyar ko shida da ake jerawa a haɗe, a ɗora benci a kai, mutum ɗaya ko biyu su hau. Guda biyu muka tarar. Ɗaya tsohuwa ce, baƙa ƙirin, an haɗa ta da turakun itace, ko kallo ba ta da daɗi. Ɗayar an shafe ta da shuɗin fenti, tana da faɗi, benci biyu, kawunan ƙusoshi suna ƙyalli.

Wani tsohon Bayarabe yana zaune a gefe yana ɗinkin taru. Da ya ga ina shafa shuɗiyar, sai ya ce da Yarabanci, “Ɗaga bakinta ka ji.”

Na ɗaga da ƙyar. Na ce, “Baba, ai nauyi ƙarfi ne.”

Ya ce, “Nauyin ruwa ne. Itacen ya sha ya ƙoshi, an shanya bayansa ne kawai. Ƙusar ƙarfe kuma gishiri ke cinye ta. Ɗauki mummunar.”

Na yi dariya, na gaya masa a cikin ruwa aka yanke mini cibiya. Ya ci gaba da ɗinkinsa. Yaya ya ja hannun rigata, ya ce ko za mu bi ta dattijon. Na ƙi, muka sayi shuɗiyar. Gaskiyar da ban faɗa ba ita ce, na gaji da a riƙa ganina da abin da wani ya yar. So nake mutanen bakin ruwa su nuna ni su ce ga jirgin wane.

Fita biyu muka yi kusa da gaɓa, muka dawo lafiya. A ta uku na ce mu nufi bakin babban teku, inda manyan kifaye suke. Kafin rana ta take mun cika kwando. Yaya har waƙar noma yake rerawa. Sai iska ta juyo, ruwa ya soma tashi. Na duba na ga ƙafafunmu sun nutse har idon sawu. Igiyar ruwa ta farko ta ɗaga mu ta buga, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashina. Ta biyu ta raba gumaguman kamar an buɗe yatsu.

Na kamo Yaya, na tura shi kan gungume ɗaya, amma itacen ko shi kaɗai bai iya ɗauka ba. Ya ƙanƙame wuyana. Yana cewa, “Kada ka sake ni, ƙanena,” yana haɗawa da kalmar shahada. Muka nutse, muka taso, muka sake nutsewa. A karo na uku ƙirjina ya kusa fashewa, sai na ɓamɓare yatsunsa daga wuyana. Da hannuna na yi. Da na taso ban gan shi ba.

Wani jirgin dakon garin rogo ne ya tsamo ni. Bayan kwana biyu ruwa ya ajiye Yaya a yashi, kusa da barikin sojan doki. Mu huɗu muka yi masa wanka, tsofaffin Musulmin da suka rage, muka yi masa salla murya ƙasa-ƙasa, don tun boren da bayi Musulmi suka yi a garin shekarun baya, hukuma ba ta son ganin Musulmi sun taru.

Matarsa ba ta yi kuka a gabana ba. Tambaya ɗaya ta yi mini.

“Wa ya zaɓi jirgin?”

Na ce, “Ni ne.”

Ta ja 'yarta suka shige ɗaki. Na yi shekaru ina kai musu abinci ƙofar gida. Tana karɓa, amma ba ta sake kiran sunana ba har ta rasu. Zancen yatsun nan kuwa ban taɓa gaya mata ba.

Abin da na koya mai ɗaci ne. Na san gulbi, sai na ɗauka na san teku, kuma na fi damuwa da yadda za a gan ni a kan yadda za mu dawo. Tun daga ranar, in wanda ya girme ni a sana'a ya yi magana, shiru nake yi in saurara, musamman in ran wani yana hannuna.